Ɗan Issa: na je in yi suka, aka ci ni huɗu da nema



Duk wanda ya taɓa ɗauko kaya daga Kano ko Katsina ya biyo ta Jibiya zuwa Maraɗi ya san Ɗan Issa, ya kuma san babbar sana'ar da ake yi a bakin hanyar garin, wato jira. Direba yana jiran takarda, ɗan kasuwa yana jiran direba, karen mota yana jiran a ba shi na abinci, mai shayi kuwa yana jiran su duka. Garin yana cikin gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, shi ne babban zango na ƙarshe kafin iyakar Najeriya, kuma a nan ƴan duwan suke duba kaya. Daga Maraɗi tafiyar ba ta kai awa guda ba, idan motar lafiyayya ce.

Hanyar tsohuwa ce. Tun lokacin da sarakunan Katsina suka baro birninsu bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, suka kafa Maraɗi, ƙafa ba ta ɗauke ba tsakanin garuruwan biyu, wani lokaci ta mayaƙa, galibi kuwa ta fatake. Amma mutanen Ɗan Issa sun ga yadda hanya take mutuwa da ranta. Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, aka haɗa da yanke wutar lantarkin da ke zo mana daga can, ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024. A irin waɗannan watanni matasan garin suka san zaman da ba shi da ranar ƙarewa.

Cikin hunturun 2024 na sauka garin, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Wani kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ɗan kasuwar aya da wake, ya kira ni ta waya ransa a ɓace. Ya ce: "Ɗana, kai da kake rubutu a jarida, zo ka ga abin da ya cinye mana yara. Ka rubuta hukuma ta rufe rumfunan nan na wasan tele." Ɗansa mai shekara 14 ya koma baya a lakwal, sa'an nan cikin wata guda kuɗi har jika 12 sun yi ƙafa daga akwatin kanti. Kawu ya ga yaron yana shiga wata rumfa bayan tasha, sai ya yanke hukunci.

A nan ya zama wajibi in faɗa wa mai karatu gaskiya game da kaina, domin kada ya ɗauke ni alƙalin da ba shi da hannu a shari'ar. Ni ma ɗan wasan ne. Ina yaro a Maraɗi na ƙarar da kuɗin karin kumallo da yawa a kan Pro Evolution Soccer 6, wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda ya fito a 2006. Tsararrakina za su tuna da Adriano na ƙungiyar Inter, wanda idan ya ɗaga ƙafar hagu sai mai tsaron gida ya fara salati. Za su tuna cewa Liverpool ba ta da sunanta a ciki, sai dai Merseyside Red, saboda kamfanin bai sayi izinin sunan ba. A lokacin ban san da wannan bayani ba, kuma bai hana ni barci ba.

Daga baya na shiga lise. Aka koya mini yadda ake feɗe rubutu kamar yadda mahauci yake feɗe rago: ga magana, ga kishiyarta, ga sulhun da ke tsakaninsu. Aikin jarida ya ƙara mini tambayoyi: wa ya biya, wa ya karɓa, wa aka manta da shi? Ilimi ne mai amfani, da shi nake cin abinci. Sai dai tun daga nan, duk lokacin da na ɗauki manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, sai in ji wata murya a kaina tana sharhi. Na zama kamar wanda aka gayyata cin tuwo, ya tsaya lissafin gishirin miya har tuwon ya huce. Saboda haka da Kawu ya kira ni, tun kafin motar ta bar Maraɗi na gama rubuta maƙalar a zuciyata, da tuhuma uku: kuɗinmu suna tafiya waje, ba mu cikin wasannin, kuma suna cinye lokacin yara.

Rumfar tana bayan tasha, ginin zana da rufin kwano. A ciki akwai benci huɗu, da tele uku a kan tebur, da batir babba a ƙasa wanda farantin sola da ke bisa rufin yake cikawa. Na'urorin wasan uku ne: PlayStation 2 guda biyu, da PlayStation 4 guda ɗaya wadda aka lulluɓe da tsumma saboda ƙura. A tsohuwar na'ura wasa ɗaya dala goma ne, a sabuwar dala ashirin, kuma ana karɓar naira kamar yadda ake karɓar sefa. Har sunan abin ma ya nuna cewa a bakin iyaka muke: yaran da suka saba da Jibiya suna cewa gem, waɗanda suka saba da Maraɗi suna cewa je.

Mai rumfar saurayi ne da bai kai shekara talatin ba. Da ya ji ni ɗan jarida ne sai ya miƙo mini kujerarsa, ya ce: "Mushe, zauna, gani ya kori ji." Ya ba ni labari cewa yana cikin dubban matasan da suka tafi haƙar zinariya lokacin da aka gano ta a yankin a 2021. Bayan ramuka sun rufta a Garin Liman a watan Nuwamba na wannan shekara, mutum 18 suka rasu, sai mahaifiyarsa ta yi rantsuwa ba zai sake shiga rami ba. Da ɗan abin da ya tara ya je Kano ya sayo na'urorin gwanjo. A jikin zana ya rataye kwali mai ɗauke da dokoki uku: ba a shiga lokacin lakwal, ana kashe tele idan an kira salla, ba a sa kuɗi a kan wasa. Ya yarda cewa ta ukun ita ce mai wuyar tsarewa, domin manyan samari sukan ƙulla cacarsu a waje kafin su shigo.

Na fiddo tuhumata ta farko na auna, sai na ga ba ta cika mudu ba. Kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya kuma daina ƙera ta fiye da shekara goma da suka wuce. Wadda ke gabana ta bi hannu da yawa kafin ta iso Ɗan Issa. Wasan da ke cikinta tsoho ne, amma ƴan wasan na bana ne, domin akwai masu gyare-gyare a ƙasashe irin su Barazil da Indunusiya da suke ɗaukar tsohon wasan kowace shekara su sa masa sababbin sunaye da sababbin riguna, ya bi intanet ya zagaya duniya. Ko shakka babu wannan cin haƙƙin mai shi ne, kuma ba na wanke shi. Amma game da tambayata, dala goman yaron ba ta zuwa Tokiyo. Tana tsayawa wurin mai rumfa, da mai gyara a Maraɗi, da mai ƙosan da ke bakin ƙofa.

Tuhuma ta biyu ta fi ƙarfi. Na duba jerin ƙasashen da ke cikin wasan ban ga Mena ba, alhali kuwa ƙungiyarmu ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Kuma sau da yawa idan manyan kamfanoni suka tuna da nahiyarmu, filin yaƙi suke mai da ita, kamar a Far Cry 2 na 2008, ko matattarar annoba, kamar a Resident Evil 5 na 2009, wanda ya sha suka a kan yadda ya nuna baƙar fata. Ina cikin wannan tunani sai wani yaro ya nuna mini wata ƙungiya da ba ta cikin kowane jadawali na duniya. Su suka ƙirƙire ta a sashen gyara na wasan, suka sa mata sunan unguwarsu, da riga mai launin tutarmu, kowane ɗan wasa da sunan ɗayansu, har sun ba mai tsaron gida tsawon da Allah bai ba shi ba. Wannan bai soke tuhumar ba. A Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan da aka gina a kan al'adun Afirka. Mu da muke da kokowa, wadda gasarta ta cin takobi ke tsayar da ƙasa cak kowace shekara, muna da abin da za a gina wasa a kansa. Amma na lura cewa yaran ba su jira izinin kowa ba kafin su shiga.

Ina rubuta waɗannan a ɗan littafina sai ga wanda ake tuhuma ya shigo, ranar kuwa Asabar ce da rana. Ɗan kawu taubashi ne, saboda haka ba ya jin nauyin bakinsa a kaina. Ya dube ni ya ce: "Ashe Baba kai ya kira mana? To Mushe ɗan jarida, aje alƙalami ka ɗauki manet, in ka isa." Rumfa ta ɗauki sowa. Ba yadda zan yi, na biya dala goma.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙwallo tana ƙafata ina tunanin yadda aka tsara na'urar ta sa mai tsaron baya ya makara. Ana kai mini hari ina lura da allunan talla da ke gefen fili. Kafin hutun rabin lokaci an zuba mini uku, bayan an dawo aka ƙara ɗaya. Huɗu da nema, a gaban yara kusan ashirin. Mai rumfar ya sunkuyo ya ce mini a hankali: "Mushe, kallon wasan kake yi, shi kuwa yin sa yake yi."

Na sake biyan dala goma. Wannan karon na sa littafin a aljihu, na ce wa muryar nan ta jira ni a waje. Sannu a hankali yatsuna suka tuna abin da kaina ya manta. Na fara jin lokacin da ya dace a saki ƙwallo tun kafin in yi tunaninsa. Ana saura kaɗan a tashi, yana da biyu ina nema, na samu wata ƙwallo a gefen dama, na yanke, na buga, ta shiga. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ina ihu ba, har hulata ta faɗi, wani yaro da ban taɓa gani ba ya rungume ni. An ci ni biyu da ɗaya, amma rabona da irin wannan farin ciki tun ina ɗan kolej. Muna cikin haka aka kira la'asar, mai rumfa ya kashe tele, kowa ya nemi buta.

A kan hanyar masallaci na gane abin da ba zan taɓa ganewa ba da na tsaya a bakin ƙofa da alƙalami. Wasan nan yana ƙarewa. Minti goma ne, alƙali ya busa, wanda aka ci ya tashi ya ba wani wuri. Ana yin sa kafaɗa da kafaɗa, a gaban jama'a, kuma kuɗinsa sananne ne tun kafin a zauna. Sai na yi lissafin da ya kamata in yi tun a Maraɗi. Jika 12 a kan dala goma wasa 240 ke nan, wato awa 40 a kan benci, a rumfar da yara ashirin ke layin tele uku. Ba zai yiwu kuɗin Kawu su ƙare a nan ba.

Bayan salla na ja taubashina gefe. Bai yi gardama mai tsawo ba. Kuɗin sun tafi ne ta wayar da aka saya masa domin karatu, a kan wani wasan harbe-harbe da yake yi cikin dare bayan kowa ya kwanta. Yakan kai kuɗin wurin wani mai sayar da katin waya, a mayar masa da su kuɗin cikin wasa, ya sayi riga da bindiga na hoto domin kada abokan wasansa su raina shi.

Ya kamata iyaye su san yadda wannan kasuwa take tafiya. Wasannin waya da suka cika duniya, irin su Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018, kyauta ake shigarsu, ribar tana fitowa ne daga abin da ake sayarwa a ciki. Saboda haka yawancin wasanni masu irin wannan tsari an gina su ne yadda ɗan wasa zai dawo kullum: kyautar yau, gasar mako, kayan da za su ɓace idan ba a saya ba kafin Lahadi. Wasu suna sayar da akwati a rufe, sai ka biya kake sanin abin da ke ciki. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljik ta yanke cewa irin wannan akwati caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da kuɗin cikin wasansa na FIFA a ƙasar a farkon 2019. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, amma da sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma galibi abin ya kai shekara guda. Hukumar ba ta ce duk mai wasa majinyaci ne ba. Tuhumata ta uku gaskiya ce, sai dai na kai ta gidan da ba nata ba.

Da yamma na iske Kawu a gindin bedi, inda ƴan kasuwa ke jiran motocinsu su fito daga duwan. Dara yake yi da wani Alhaji, mutum shida sun kewaye su, kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Na jira har aka cinye shi ya tashi ya ba wani wuri, sa'an nan na gaishe shi na faɗa masa abin da na gani. Ya yi shiru, can ya ce: "Wato ɓarawon yana cikin ɗaki, ni ina gadin tasha." Na ce: "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, abin da yaran suke yi a rumfar can bai bambanta sosai da wanda na iske ku kuna yi ba." Ya harare ni ya ce: "Dara ba ta taɓa buɗe mini akwatin kuɗi ba." Na ce haka ne, rumfar ma ba ta buɗe ba. Alhajin da ke gefe ya yi dariya ya ce wannan karon dara ce ta ci gida, tunda da hannunsa ya sayi wayar.

Kafin in kwanta an yi sulhu. Wayar za ta riƙa kwana a ɗakin Kawu. Yaron zai biya jika 12 da aikin kanti lokacin hutu. An bar masa rumfa ranar Asabar da Lahadi, muddin sakamakon lakwal ya gyaru. Ko wannan yarjejeniya za ta ɗore, Allah ne masani, domin yaro yaro ne, kuma masu ƙera wasannin ba barci suke yi ba.

Maƙalar da Kawu ya nema ban rubuta ta ba, ga wadda na samu. Ga hukumomin gari, shawarata ita ce kada a rufe rumfunan, a mai da dokokin kwalin nan doka ta kowa, a kuma sa ido a kan caca. Idan aka rufe su, yaran za su koma ƙarƙashin bargo da waya, inda babu mai kashe tele idan an kira salla. Ga iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata, tambaya uku sun isa a auna kowane wasa: yana ƙarewa? Da wa ake yin sa? Nawa yake ci, kuma wa yake karɓa? Amma ba za ku sami amsar daga bakin ƙofa ba, sai kun zauna kusa da yaron ko da sau ɗaya ne.

Ga ire-irena kuma, ƴan boko masu son wasa waɗanda ilimi ya hana su sakewa, ɗan kasuwar aya ya riga mu sanin maganin. Idan aka kawo masa buhu, yakan ɗebi kaɗan ya tauna, ya ji zaƙinta har zuciyarsa, sa'an nan ya ɗora buhun a kan sikeli. Ba ya tauna sikeli, ba ya kuma sayen buhu don zaƙi kaɗai. Kowanne da lokacinsa. Da ban yi wasan da zuciya ɗaya ba, da ban gane abin da ya raba rumfa da waya ba. Da kuma ban yi lissafi bayan an tashi ba, da har yanzu Kawu yana gadin tasha.

Washegari da safe na shiga motar Maraɗi. Taubashina ya rako ni, ya leƙo ta taga ya ɗaga mini yatsu huɗu. Na gaya masa ina nan dawowa bayan damina, kuma littafina zai tsaya a gida.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuma kiyaye matafiya a kan wannan hanya. Sai mako mai zuwa, idan mai duka ya kai mu.